Amsoshin Tambayoyinku: Ga Suga, Ga Ƙiba, Ga Gwiwa Ta Ƙi

TAMBAYA: Ni mace ce mai shekara 57, daga wani ƙauye tsakanin Malumfashi da Ƙafur. Shekara 6 ke nan ina fama da ciwon suga. An auna ni a asibiti, kilo 96, aka ce in rage jiki, in riƙa yawan tafiya. To gwiwoyina ba sa bari, ko sallah a kan kujera nake yi. Na bar tuwon masara na koma na alkama, amma shiru. Yaya zan yi?

AMSA: Hajiya, Allah Ya ƙara sauƙi. Ki kwantar da hankalinki, domin mafi yawan aikin rage ƙiba a kwano ake yin sa, ƙafa taimakawa kawai take yi. Kuma ba a ce ki koma jikin 'yanmatanci ba. Kilo 5 zuwa 10 daga cikin 96 ɗin nan, a hankali, kamar kilo 2 a wata, ya isa ki ga sauyi a awon sugarki. Gwiwar ma za ta sarara, don kowane kilo ɗaya da ya tafi yana sauke mata nauyin kusan kilo 4 a duk taku. A wani bincike na Birtaniya da aka fitar a 2017, wanda Farfesa Roy Taylor na Jami'ar Newcastle ke cikin jagororinsa, kusan rabin waɗanda aka taƙaita wa abinci sugarsu ta daidaita ba tare da magani ba bayan shekara guda. Su ciwon bai daɗe a jikinsu ba, kuma likitoci na tsaye a kansu, saboda haka ba alkawari nake miki ba.

Kafin ki rage ko loma ɗaya, ki kwashi magungunanki duka a leda ki kai wa likita. Metformin ba ya sa ƙiba, kuma da wuya ya kayar da suga. Amma mai shan glibenclamide, wanda aka fi sani da Daonil, ko mai allurar insulin, in ya rage abinci magani yana nan yadda yake, suga na iya faɗuwa ƙasa da 70 a na'ura: rawar jiki, zufa, jiri, faɗuwar gaba. In haka ta faru ki tsotsi ƙwayar suga 3 ko 4 nan take. Azumin Litinin da Alhamis ma sai an gyara miki lokacin shan magani.

A cikin ledar nan har da na ciwon gwiwa, musamman haɗin da ake ƙullowa a kemis. Sau da yawa akan sa dexamethasone ko prednisolone a ciki. Ciwo ya lafa, ki ji kamar an zare ƙaya, amma su ne ke buɗe ciki, su kumbura fuska, su harba suga sama. Akwai matan da ke ta faɗa da tuwo alhali ɓarawon yana cikin ƙullin magani. In kin daɗe kina sha kada ki yanke da kanki, likita ne zai janye miki a hankali. Diclofenac na kullum kuma ƙoda yake ci.

Batun alkama kuwa, ban ga dalilin da za a bar masarar da ke cike da rumbu a je kasuwar Funtua ana sayen gari da tsada ba. Alkama in ta zama gari tana tayar da suga kusan daidai da masara. Girman malmala ne zancen. A yi miki guda ɗaya daidai dunƙulen hannunki, a kwanonki ke kaɗai, don mai ci da jikoki a tire ba ta sanin abin da ta ci. In da hali a niƙa masarar ko dawar ba a surfa ba. Rabin kwanon ya zama ganye, zogale ko rama ko alayyahu, ga kuɓewa da kuka. Sauran gurbin wake, ƙwai ko kifi. Waken suya kuwa a ƙasarku yake, sai dai awarar a jefa ta cikin miya maimakon a tsoma ta a kaskon mai. Man miya a auna da cokali, a daina tuttulawa daga kwalba.

Abin sha ya fi tuwo ɓarna, don ba ya ƙosarwa. Kwalbar lemo guda tana ɗauke da suga wajen cokalin shayi 8, maltina ma sahunsu ɗaya. Zuma, mazarƙwaila da raken Ɗanja duk suga ne, komai aka ce miki a wajen biki. Koko da kunu ko ba a sa suga ba suna saurin shiga jini, don haka ƙaramin kofi, tare da ƙwai ko wake. Shayin rage tumbi da ake shela da lasifika ranar kasuwa kuwa, yawancinsa gudawa yake sawa, ruwan jiki ne ke fita.

Motsa jiki a kan kujerar sallar taki ma ya yiwu. Ki miƙe ƙafa ɗaya, ki ƙirga biyar, ki sauke, ki canza, sau goma-goma. Wannan yana ƙarfafa naman cinya, shi ne ke riƙe gwiwa. Ki ɗaga robar ruwa a kowane hannu. Ki tashi ki zauna kina dafe da bango. Motsa jiki na minti 10 bayan kowane cin abinci ya fi a tara a yi sau ɗaya a mako. In kina zaga tsakar gida kada ki taka ƙasa ba takalmi, kuma kowane dare a duba miki tafin ƙafa da tsakanin yatsu.

Za a fara cewa Hajiya lafiya kika rame? Ki ce da gangan ne. Ramar da ake tsoro ita ce wadda ta zo da kanta tare da ƙishirwa da yawan fitsarin dare, wannan alamar suga ta yi sama ce, sai asibiti. Ki nemi gwajin HbA1c, mai nuna yadda suga ta kasance cikin wata 3, kuma in gwiwar ta ci gaba da ƙi, ki roƙi takardar zuwa sashen gashin ƙashi, ko a Funtua ko a asibitin koyarwa na Shika.