Darasi: Sayen Gida A Samnu

'Yan'uwa fatake, mu masu kai dabbobi Sabha, dillalai kan yi mana tayin gida a Samnu. To, a yi hattara. Dokar Libiya ta hana baƙo mallakar gida, sai dillali ya ce a sa sunan ɗan ƙasa. Ran da mai sunan ya rasu, gida ya shiga gadon 'ya'yansa. Na biyu, Doka ta 4 ta 1978 ta ba 'yan haya gidajen da suke ciki, har yau wasu masu asalin gidajen na neman abinsu. Dillali kuwa la'adarsa yake hange. Ba ma sayen bijimi sai mun san asalinsa, balle gida. Gara mu kama haya can, mu yi gini a garinmu. Allah Ya tsare mana dukiya, amin.