Filin Ƙwallo da Lafiyar Hankalin Samari

Daren Juma'a, 11 ga Disamba 2020, 'yan bindiga suka auka wa Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, suka kora ɗalibai cikin daji. Bayan kwana shida aka sako yara 344. Kumburin ƙafa da rama sun wuce cikin makonni, amma firgici ba ya jin allura. A ƙauyukan Faskari da Sabuwa ma akwai samari da yawa da suka tashi suna kwana da kunne ɗaya a buɗe, wasu sun rasa uba, wasu sun baro gona da abokai sun koma zaman hijira.

Irin wannan yaro ba ya faɗin abin da ke cinsa, don tun yana ƙarami aka gaya masa namiji ba ya kuka. Sai dai a ga ya daina cin abinci, ko ya zama mai saurin fushi, ko ya ƙaurace wa tsararrakinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin kowane yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa.

To, a nan ne ya kamata iyaye su sake duban ƙwallon la'asar da suke kira shiririta. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2019 ya bi rayuwar mutum kusan dubu goma. Cikin waɗanda suka sha wuya suna yara, an ga waɗanda suka yi wasan ƙungiya a samartaka ba su cika faɗawa ciwon damuwa da fargaba ba da suka girma, in an kwatanta su da waɗanda ba su yi ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Jikin da ya sha gudu yakan yi barci mai nauyi. Sannan yaron da aka ba gola ko tsaron baya ya san akwai mutum goma da ke jiransa, in bai zo ba za a bi shi har gida a tambaya ko lafiya. Yana kuma koyon a ci shi yau ya dawo gobe. Kakanninmu sun san wannan tun kafin zuwan tamola: a wasan langa, duk 'yan ɓangare ɗaya ɗan wasansu da ake kira ruwa suke karewa har ya kai gida.

Fili kuwa yana da nasa sharrin. Inda babu babba, caca kan shiga, wani ya sha tiramadol don kada ya gaji, wasan unguwa da unguwa ya ƙare da jifa. Saboda haka wajibi ne mai unguwa da malamai su tabbatar kowace ƙungiya tana da koci mai mutunci, fili ya kasance cikin gari, a kuma tashi kafin kiran magariba. 'Yan mata, da aka saba mantawa da su, a ware musu lokaci a farfajiyar makarantarsu.

Koci kuma ya sani shi ba likita ba ne. Yaron da ya daina zuwa atisaye, ko yake firgita cikin dare, ko yake maganar ya gaji da duniya, a sanar da iyayensa a asirce, a kai shi asibiti.