Shekara 19 a Kano, Har Yanzu Baƙo Ne Ni?

Ni haifaffen Maraɗi ne. Shekara 19 ke nan da zuwana Kano, na fara da dakon dilar atamfa a Kantin Kwari, yau Allah ya ba ni rumfar kaina. Matata Bakanuwa ce, 'ya'yanmu huɗu duk a nan aka yanke musu cibiya. Ban taɓa daɗewa a waje ba sai shekara biyu da na yi a gida ina jinyar mahaifina, har Allah ya karɓi abinsa.

Tun da Nijar ta fice daga ECOWAS hankalina bai kwanta ba. Kwanaki wani ya same ni a rumfa, ya zauna a kan benci, ya yi ƙasa da murya ya ce in kawo kuɗi ya samo mini takardar shaidar ɗan asalin wata ƙaramar hukuma, da ita sai in yi fasfo. Abokaina kuma sun ce tunda ina auren 'yar ƙasa, ga lambar NIN, ai magana ta ƙare. Ni dai ban taɓa jin kaina bare ba, don kakata ta wajen uwa 'yar Jibiya ce, aure ya kai ta Maraɗi. Ina mafita?

Ɗan'uwanku, daga Fagge

Alhaji, Allah ya jiƙan mahaifi, ya ƙara wa kasuwa albarka.

Fara da sallamar mai benci. Takardar da aka gina a kan ƙarya ramin kura ce: ranar da asiri ya tonu, laifin a wuyanka zai rataya, kuma ka zubar da wani sharaɗin da doka ke dubawa, wato kyawun hali. Abokanka ma sun yi kuskure. Ana ba baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida lambar NIN, don haka ba ta mayar da kowa ɗan ƙasa. Batun aure kuwa, sashe na 26 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 mace ya buɗe wa wannan ƙofa, wadda ta auri ɗan Najeriya. Namijin da ya auri 'yar Najeriya bai shiga ciki ba. Amma kwantar da hankalinka game da yara: sashe na 25 ya sa su 'yan ƙasa ne tun ranar haihuwa, ta dalilin mahaifiyarsu.

Hanyar da kowane baƙo ke bi tana sashe na 27. Sai ya zama baligi mai hankali, mai halin kirki, wanda ya nuna a nan yake son ya zauna din-din-din, kuma yana da amfanin da yake yi wa ƙasa ko zai iya yi. Sai gwamnan jiharsa ya gamsu cewa jama'ar wurin sun karɓe shi, ya saje da su. Sai rantsuwar biyayya, sannan zaman shekara 15 a jere. Shekara biyun jinya ta katse maka jerin, amma doka ta bar wata taga: wata 12 a jere daf da neman, da kuma jimillar shekara 15 cikin shekara 20 da suka gabace su. Cire biyu daga 19, ka ware shekarar ƙarshe, saura 16. Ka haye.

Sai dai akwai gajeriyar hanya, kuma a ƙarshen wasiƙarka ka ambace ta kamar ba komai ba. Wannan sashe na 26 ya ba duk baligin da aka haifa a waje, wanda ɗaya daga cikin kakanninsa ɗan Najeriya ne, damar yin rajista. A nan ba a ƙirga shekaru, ba a jiran ra'ayin gwamna. Hali, niyyar zama da rantsuwa kawai ake nema. Kakarka ta Jibiya ta fi mai benci amfani a gare ka.

Aikin da ke gabanka shi ne hujja. Ka shirya ka je Jibiya tun dattawan da suka san ta suna raye. Nemi gidansu, ka gaida dangi, a kai ka wurin mai unguwa da hakimi, a samo shaida a rubuce daga ƙaramar hukuma da sunanta na gaskiya. Haɗa da takardun haihuwarka da na mahaifiyarka, don a ga yadda igiyar ta taho. Ka nuna wa lauya, domin idan ta tabbata mahaifiyarka ita ma 'yar ƙasa ce ta wajen uwarta, matsayinka ya wuce na mai rajista.

Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ake miƙa wa takardu, Shugaban Ƙasa ke amincewa, kuma abin yana ɗaukar lokaci. Kafin nan kada ka bari takardar zamanka ta hukumar shige da fice ta mutu. Dokar Najeriya ba za ta tilasta maka ajiye zama ɗan Nijar ba, tunda da shi aka haife ka. Sashe na 28 ya keɓe irinka.

Kuɗin da mai benci ya so ka ba shi, yi kuɗin mota da su, ka riƙe wa dangin kaka tsaraba.