ƘASA DA TAKI DOMIN RENON CEƊIYA DA DURUMI A CIKIN TUKUNYA

Ya kai mai karatu, ko manomi ne kai ko dagaci, ka sani ceɗiya da durumi da gamji da ɓaure duk dangi ɗaya ne. Alamarsu ita ce, in ka karya reshe sai farin ruwa ya fito kamar nono. Su ne inuwar kasuwa da ƙofar fada, ganyen ceɗiya kuwa shi ke riƙe awaki da rani sa'ad da ciyawa ta ƙare. Mutane da yawa su kan sa reshe a tukunya domin su rene shi kafin dashe, amma kafin wata biyu sai ya yanƙwane ya mutu, aikin shekara ya tafi a banza. Yawanci laifin ƙasar da aka zuba ne, ko kuwa takin.

1. Abin da mutanen Japan su ke yi

A ƙasar Japan akwai wata sana'a da su ke kira bonsai, watau itacen da aka shuka a faranti. Daga ƙasar Sin suka koyo ta. Su kan riƙe itace a cikin ɗan kasko shekaru da yawa, suna rage masa rassa da saiwa, har ya tsufa tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ko biyu ba. Dangin ceɗiya suna cikin itatuwan da masu wannan sana'a su ke so, gama suna jimre yanka. Abin lura shi ne ba su cika kaskon da ƙasar gona. Akwai wani jan yumɓu mai ƙwaya-ƙwaya da su ke haƙowa, sunansa akadama, su shanya shi, su tankaɗe, su zubar da garin, sa'an nan su gauraya shi da tsakuwar dutse mai ƙofofi wanda ya fito daga duwatsu masu aman wuta. Dalilinsu ke nan: saiwa tana bukatar iska kamar yadda ta ke bukatar ruwa.

Kai ma ka ga shaidar wannan a jeji. Sau nawa ka ga ceɗiya ta tsiro a wuyan giginya, ko ɓaure a tsagin dutse, inda babu ƙasa sai ɗan ruɓaɓɓen ganye? A gona ruwa ya kan nutse ƙasa ya bar wa iska wuri. A tukunya kuwa ba shi da wurin zuwa, in ƙasar laka ce sai ta toshe, saiwa ta ruɓe.

2. Yadda za ka haɗa ƙasa

Da fari ka huda gindin tukunyar huji uku ko huɗu, kowane ya kai shigar yatsa. Ka rufe kowane huji da ɗan tsingaro domin kada ƙasa ta tsiyaye. Sa'an nan ka auna da kwano ɗaya:

Kwano 2 na yashin rafi mai kauri, ko tsingaro da aka daddaka, ko burji. Ƙwayarsa ta zama tsakanin ta dawa da ta masara. Ka tankaɗe ka zubar da ƙurar.
Kwano 1 na ƙasar gona mai kyau daga sama, ba lakar fadama ba.
Kwano 1 na taki wanda ya ruɓe sarai, ya yi baƙi, ba shi da wari ko zafi.

In kana da gawayi, ka farfasa cikin hannu ɗaya ka ƙara. Bayan ka cika tukunyar ka gwada ta: ka zuba ruwa, in ya fito ta ƙasa nan da nan, haɗin ya yi. In ya kwanta a sama kamar tafki, ka juye ka ƙara yashi. Wanda ya ke so ya riƙe itacen ƙarami a kasko, irin na Japan, sai ya rage ƙasar gona ƙwarai ya yawaita tsingaro, amma ya sani zai riƙa ban ruwa kowace rana, da bazara ma safe da yamma.

3. Sa reshe

Ka yanko reshe mai kaurin babban yatsa, tsawon kamu ɗaya, a farkon damina. Ka cire ganyen, ka bar ruwansa ya bushe, ka binne sulusinsa, ka ajiye tukunyar a inuwa bisa duwatsu saboda gara. Kada ka ba shi wani taki sai ya fid da sabon ganye ya kafu, gama sabuwar saiwa ba ta jimre taki.

4. Abincin itace

Manyan abincin shuka uku ne. Na fari shi ne naitirojin, mai sa ganye ya yi kore. Yana cikin kashin awaki da na shanu da na kaji. Na biyu fosfaras, mai taimakon saiwa. Yana cikin ƙashi da aka ƙona aka daka. Na uku fotash, mai ƙarfafa jikin itace. Yana cikin tokar murhu. Su ne haruffan nan N, P, K da ka ke gani a buhun takin zamani, lambobin da ke biye da su kuwa, kamar 15-15-15, suna nuna yawan kowanne cikin ɗari.

Ƙasa mai yashi ba ta riƙe abinci, ruwa ya kan wanke shi. Saboda haka ƙa'idar ita ce kaɗan-kaɗan, a kai a kai. Mutanen Japan su kan ɗora ƙananan dunƙule na tunkuzar wani iri mai mai a bisa ƙasar kasko, ta riƙa narkewa sannu-sannu. Tunkuzar gyaɗa marar gishiri tana yin wannan aiki, sai dai tana jawo ɓera da tururuwa. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka jiƙa kwano 1 na busasshen kashin awaki a garwar ruwa kwana bakwai, ka tace, ka sirka da ruwa har ya yi fari-fari, ka ba itacen sau ɗaya cikin mako biyu. In takin zamani za ka sa, abin da yatsu uku suka ɗauka ya isa tukunya ɗaya a wata. Ka barbaɗa a gefen tukunya bayan ban ruwa, kada ya taɓa gindin itacen.

Ka kiyayi abu uku. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa. Toka in ta yi yawa ta kan sa sabon ganye ya yi rawaya. Da hunturu kuma, sa'ad da itace ya rage girma, sai ka rage taki ko ka daina. In ka ga farin gishiri a bakin tukunya, taki ya yi yawa. Ka kwarara ruwa har ya wanke ta ƙasa.

5. Dashe

Wanda za a kai fili, a dasa shi sa'ad da damina ta kankama, a kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Kada a sa shi kusa da rijiya ko katanga, gama saiwar waɗannan itatuwa tana tafiya nesa neman ruwa, ta kan tsaga gini. Wanda za a bari a kasko, a fid da shi bayan shekara 2 ko 3, a rage saiwar kada a wuce sulusi, a sake masa sabuwar ƙasa.

Ya kamata dagatai da masu unguwa su karanta wa jama'arsu wannan takarda tun kafin ruwa ya sauka, domin a tara yashi da tsingaro, a kuma binne taki ya ruɓe da wuri. Wanda wani abu ya shige masa duhu, sai ya tambayi malamin gona na yankinsa.