Yaya Jikokin Jamusawan Amurka Ke Gano Asalinsu?

Wani mai karatu ya aiko mana da tambaya. Ya ce ya ji cewa tsohon shugaban Amurka, Dwight Eisenhower, tsatson wani Bajamushe ne da ya yi ƙaura tun a 1741. To ta yaya aka tabbatar da haka bayan ɗaruruwan shekaru? Ko dai ji-ta-ji-ta ce kawai?

Madalla da wannan tambaya, malam. Ba ji-ta-ji-ta ba ce, a rubuce take. Kakan nasa, Hans Nikolaus Eisenhauer, ya sauka a birnin Philadelphia, kuma sunansa yana cikin takardun jirgin ruwan da ya kawo shi.

Ayarin Jamusawan da ake yawan fara tarihin wannan ƙaura da shi iyalai 13 ne daga garin Krefeld. Sun iso Pennsylvania a watan Oktoban 1683, suka kafa unguwar Germantown. Daga nan baƙi suka yi ta kwarara, har hukuma ta fara tsarguwa da yawansu. Shi ya sa a 1727 aka wajabta wa shugabannin jirage su miƙa sunayen fasinjojinsu, maza masu shekara 16 zuwa sama kuma su rantse za su yi wa Sarkin Ingila, mai mulkin yankin a lokacin, biyayya. Mai ilimi ya sa hannu, wanda bai iya rubutu ba ya yi alama. Wato dai rashin yarda da baƙo ne ya bar wa jikoki wannan taska. Sai kuma littattafan coci, inda ake rubuta haihuwa da aure da mutuwa, da takardun baftisma, wato wankan shiga addinin Kirista, waɗanda ake ƙawatawa da zanen tsuntsaye da furanni a ajiye a gida.

Amma kada ka ɗauka abin a sauƙaƙe yake. A wancan zamanin babu ƙasa ɗaya mai suna Jamus, sai a 1871 aka haɗe ta. Masarautu ne barkatai, don haka sai mai bincike ya gano takamaiman ƙauyen kakansa kafin ya san cocin da zai nufa.

Sunaye su suka fi rikita mutane. Uba kan raɗa wa ’ya’yansa maza duka Johann, sannan kowa da sunansa na biyu wanda ake kiransa da shi, kamar yadda gida ɗaya a wajenmu za ka tarar da Muhammadu Sani da Muhammadu Rabi’u. Wanda bai san wannan al’ada ba sai ya haɗe wa da ƙani ya mai da su mutum guda. Ga kuma akawu Baturen Ingila yana rubuta suna yadda kunnensa ya ji: Müller ya zama Miller, Schmidt ya koma Smith. Ana yawan cewa a tashar karɓar baƙi ta tsibirin Ellis aka sauya sunayen, alhali ba a buɗe wannan tashar ba sai 1892.

Inda sawu ya fi ɓacewa shi ne wajen talakawa. Da yawansu ba su da kuɗin jirgi, sai su yarda a sayar da aikinsu na wasu shekaru ga duk wanda ya biya musu bashin. A bakin tasha akan raba iyali, uba ya bi wannan ubangida, ɗa ya bi wancan. Mata da yara kuwa sau da yawa ba a ma rubuta sunayensu a takardun jirgin ba, don haka zuriyar uwa ta fi ta uba wuyar bi.