Kama da Wane Ba Ta Wane: Darasi Daga Furannin Bayolet da Fansi

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Rano zuwa Kibiya a ƙarshen damina, zai ga yakuwa da rama jere a gefen gonakin dawa da gyaɗa. Manomi ba ya rikita su. Ya san wadda ake miya da zoɓo da ita, ya kuma san wadda ake saɓule ɓawonta a tufka igiya. Amma idan aka tsinko furen kowace aka ajiye su wuri guda, sai a ga kamar uwa ɗaya ta haife su: ganyayen fure biyar-biyar, masu launin ɗorawa mai haske, da jan tabo a tsakiya. To, abu ɗaya ne ko biyu? Da wane ma'auni masana ke cewa wannan tsiro ɗan'uwan wancan ne? Domin amsa wannan tambaya, za mu ziyarci waɗansu furanni na ƙasashen sanyi da ake kira bayolet da fansi, waɗanda masana suka daɗe suna nazari a kansu, sa'an nan mu dawo gida da abin da muka koyo.

Dangi, gida, jinsi da iri

A shekarar 1753, wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Carl Linnaeus ya daidaita tsarin bai wa kowane tsiro suna biyu da harshen Latin. Na farko sunan gida ne, na biyu kuwa sunan jinsi. Yakuwa ita ce Hibiscus sabdariffa, rama kuma Hibiscus cannabinus. Ke nan gidansu ɗaya, jinsinsu daban. Gidaje masu kusanci da juna su ke haɗuwa su zama dangi, shi ya sa kuɓewa da auduga da lalo, har ma da kuka da rimi, duk danginsu ɗaya da yakuwa. A cikin jinsi guda kuma akan sami iri-iri, kamar jar yakuwa da farar yakuwa.

Ƙa'idar da aka fi koya wa ɗalibai ita ce, 'yan jinsi ɗaya su ke barbarar juna su haifi 'ya'ya masu haihuwa. Jaki da goɗiya sukan haifi alfadari, amma alfadari ba ya haihuwa, domin iyayensa ba jinsi ɗaya ba ne. Wani abin dubawa shi ne kuromosom, wato zarurrukan da ke ɗauke da gadon halitta a cikin ƙwayar halitta. Rama tana da 36, yakuwa kuwa 72.

Gidan Viola

Bayolet da fansi 'yan gida ɗaya ne, wato Viola. Bitar da masana suka wallafa a shekarar 2022 ta ƙidaya jinsi fiye da 660 a wannan gida. Mafi yawansu ƙananan tsirrai ne na wurare masu sanyi a Turai da Asiya da Arewacin Amurka, da tsaunukan Andis na Kudancin Amurka. A tsakiyar Afirka sai an hau manyan tsaunuka ake ganinsu, kamar Viola abyssinica da ke tsaunukan Habasha da Dutsen Kamaru. Zafin bazararmu da tsawon raninmu sun fi ƙarfinsu.

Ganyensu ya sha bamban ƙwarai: wani kamar zuciya, wani a tsattsage, wani siriri. Launin furen ma haka, akwai shunayya, da shuɗi, da fari, da ruwan ɗorawa. Abin da ya haɗa su shi ne ginin furen. Ganyayen fure biyar ne, amma ba girmansu ɗaya ba, kuma na ƙasan yana da 'yar jaka ta baya inda ruwan zaƙi ke taruwa domin jawo ƙudan zuma. Idan 'ya'yan suka nuna, kwanson yakan tsage gida uku. Da ido ma ana iya bambanta su: a furen bayolet ganye biyu ke duban sama, uku na duban ƙasa, a na fansi kuwa huɗu ke sama, ɗaya a ƙasa.

Da yawa daga cikin jinsunan gidan suna da dabaru biyu masu ban sha'awa. Ta farko, bayan buɗaɗɗen furen da ƙwari ke ziyarta, sukan fitar da wani ƙaramin fure wanda ba ya buɗewa sam, yana barbarar kansa da kansa. Ko ƙwari sun zo ko ba su zo ba, iri ba zai yanke ba. Ta biyu, ƙwayar irin tana da ɗan maiƙo a jikinta. Tururuwa takan ja ta zuwa raminta, ta cinye maiƙon, ta yar da ƙwayar a ƙasa mai taki. Ka ga an yi ciniki, kowa ya ci riba.

Yadda aka samar da fansi

Fansin da ake shukawa a lambuna ba ta taɓa tsirowa da kanta a daji ba. A farkon ƙarni na 19, masu lambu a Ingila, cikinsu har da William Thompson, suka riƙa haɗa wata 'yar furen saura mai launi uku, Viola tricolor, da wata mai ruwan ɗorawa, Viola lutea. Daga baya aka shigo da Viola altaica ta tsaunukan tsakiyar Asiya. Kowace shekara sai su zaɓi mafi girman fure su ajiye irinsa, kamar dai yadda manominmu ke ware manyan zangarniyoyin dawa ya rataye domin baɗi. Sakamakon shi ne Viola × wittrockiana. Alamar × tana nufin ruwa biyu ce, sunan kuma na tunawa ne da Veit Wittrock, masanin Suwidin da ya binciki tarihinta.

A nan ɗalibi mai lura zai ce, ai an ce jinsi biyu ba sa haifar mai haihuwa. Gaskiya ne ƙa'idar tana da togaciya, musamman a tsirrai, domin fansi tana yin iri, irin kuma yana tsirowa. Babban darasin shi ne, ba don waɗancan ƙananan furannin daji da ba wanda ya damu da su ba, da babu fansi. Mai kyautata iri ba ya ƙirƙirar komai daga babu, abin da Allah ya riga ya ajiye a daji da rumbunan manoma shi yake haɗawa.

Suna da kama sukan yaudari mutum

Akwai wani furen tukunya da ake kira bayolet ɗin Afirka, wanda wani Bajamushe ya aika da irinsa Turai daga tsaunukan Usambara na ƙasar Tanzaniya ta yau a 1892. Launinsa da siffarsa kamar na bayolet, amma da aka duba ginin furensa sai aka tarar ko dangi ba su haɗa ba. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. A yau ana sayar da shi ko'ina a duniya, alhali waɗansu jinsunansa suna fuskantar barazanar ƙarewa a mahaifarsu saboda sare dazuzzuka.

A ɗaya ɓangaren kuma, bayolet tana da ɗan'uwa na haƙiƙa a filayen ciyawa na Afirka ta Yamma, har da Arewacin Nijeriya, wanda ba a cika lura da shi ba. Ɗan ƙaramin tsiro ne mai siraran ganye, da fure ruwan hoda zuwa shunayya, wanda ganyensa na ƙasa ya fi sauran huɗun girma nesa ba kusa ba, kamar bakin shebur. Linnaeus ya sa shi a gidan Viola a 1753. A 1876 aka mayar da shi gidan Hybanthus, da sunan Hybanthus enneaspermus, a 2015 kuma binciken gadon halitta ya sa aka sake raba masa gida. Kuɓewa ma haka ta faru da ita: Linnaeus ya zaunar da ita gida ɗaya da rama, a 1794 aka fitar da ita zuwa Abelmoschus. Wannan ba aibi ba ne ga kimiyya, domin duk lokacin da sabuwar hujja ta bayyana, gyara ya wajaba.

Mu dawo gida

Tarihin Hausa Bakwai ya kira Kano da Rano sarakunan baba, saboda shaharar da suka yi a rini. Baba kuwa ba jinsi ɗaya ba ne. Gidansa, Indigofera, yana da jinsi wajen 750, wato ya fi gidan Viola yawa, kuma ɗan dangin wake da gyaɗa ne, mai ƙara wa ƙasa albarka. Kaɗan daga cikinsu, kamar Indigofera arrecta da Indigofera tinctoria, su ke ba da shuni mai kyau. Tun da wani kamfanin Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta a 1897, noman baba ya yi ta ja da baya a duniya, marinai da dama suka mutu. Idan aka daina shuka tsiro, irinsa yakan ɓace, sunansa da iliminsa su bi shi. Wani likita mai suna J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya wallafa a 1916. Ɗalibai nawa ne a yau za su iya nuna ko da rabin tsirran da kakanninsu suka lissafa masa?

Aikin ɗalibai

Muna roƙon malamai su fita da ɗalibansu a watan Satumba, lokacin da ciyayi ke fure.

1. A tsinko furen yakuwa da rama da kuɓewa da auduga, a zana su, a rubuta inda suka yi kama da inda suka bambanta.
2. A duba gindin duwatsun Rano da na Rurum da gefen hanyoyi, ko za a dace da ɗan'uwan bayolet da muka siffanta. Kada a tumɓuke tsiron da ba shi da yawa a wurin.
3. A shimfiɗa kowane reshe mai fure tsakanin tsofaffin jaridu, a danne da abu mai nauyi, a riƙa sauya takardar har ya bushe. A rubuta wuri da kwanan wata.
4. A tambayi tsofaffin manoma da marina da iyaye mata sunan kowane tsiro da amfaninsa, musamman ire-iren baba da yakuwa da aka daina shukawa.

Makarantar da ta yi haka damina uku a jere za ta mallaki kundin tsirran yankinta, wanda masanan jami'a da kansu za su zo nema.