Darasi: Rumbun ruwan gari da girgizar ƙasa

Yara, a birni ana tace ruwan sha, a tura shi cikin babban tanki. Wani tankin bisa tudu yake, wani bisa ginshiƙai, shi ne muke kira shato. Daga nan ruwa yake gangarowa cikin tiyo har zuwa pampo. Tankin nan shi ne rumbun ruwan gari.

Akwai ƙasashen da ƙasa takan motsa da ƙarfi har gidaje su rushe. Wannan ita ce girgizar ƙasa. Japon tana cikin waɗannan ƙasashe. Ran 17 ga Janairu 1995, da asuba, girgiza ta auka wa birnin Kobe na Japon. Mutane fiye da 6.000 suka mutu. Tiyo suka ɓalle wurare da yawa, ruwa ya tsiyaye cikin ƙasa. Gobara ta tashi, masu kashe wuta suka rasa ruwa. Sai bayan wajen wata 3 ruwa ya koma kowace unguwa.

Ruwa yana da nauyi. Lita 1 kilo 1 ce. Tanki mai lita miliyan 1 yana ɗauke da kilo miliyan 1. In ƙasa ta girgiza, wannan ruwa yakan yi ta dukan bangon tanki. In bangon ba shi da ƙwari, sai ya tsage. Ko tankin bai tsage ba, in tiyo ya karye ruwan zai zube duka.

Saboda haka aka yi gyara huɗu a Kobe.

Na ɗaya, ana ƙarfafa tushe da bango da ginshiƙan tanki da ƙarfe da siminti.

Na biyu, ana sa tiyo masu mahaɗi na musamman. Mahaɗin yana lanƙwasa, yana miƙewa kaɗan, amma ba ya ɓallewa.

Na uku, inda tankuna suke biyu-biyu, ana sa wa ɗaya makulli. In an yi girgiza mai ƙarfi sai makullin ya rufe, ruwan sha ya tsaya a ciki. Ɗayan tankin yana ci gaba da ba da ruwa don kashe gobara.

Na huɗu, an shimfiɗa ƙaton tiyo can ƙarƙashin birnin. Faɗinsa mita 2,4. An gama shi a 2016. Yana kai ruwa, yana kuma ajiye shi. A lissafinsu, mutum ɗaya yana bukatar lita 3 ta sha a yini.

Wannan aiki yana cin kuɗi da shekaru. Amma manomi ba ya jiran ruwan sama ya sauko kafin ya yaɓe rumbunsa.

Gwaji
Ku zuba ruwa rabin ƙwarya. Ku aje ta bisa tebur, ku girgiza teburin a hankali, sannan da ƙarfi. Ina ruwan yake duka?

Tambayoyi
1. Me ya sami ruwan Kobe a 1995?
2. Don me ake rufe tanki ɗaya a bar ɗaya?
3. Tanki mai ƙwari da tiyo maras ƙwari, sun isa? Don me?

Lissafi
Gida mai mutum 8, kowa lita 3 a yini. Lita nawa za su ajiye don kwana 7? Kilo nawa ke nan?